Citta da awonta: yadda wani tsohon magani ya rabu da ma'auninsa

Gabatarwa

Wannan ɗan aiki ya samo tushe ne daga wani darasin fassara. Mun ba ɗalibai wata jimlar Faransanci mai ɗauke da kalmomin remède naturel, muka ce su mayar da ita Hausa. Wasu suka rubuta "maganin gargajiya", wasu "maganin itatuwa", ɗaya kuwa ya rubuta "maganin da ba ya cutarwa". Da muka nemi misali, sai ya ce citta: ai ko tulu guda mutum ya sha, ba abin da za ta yi masa. Ba wanda ya musa masa cikin ajin, kuma mun tabbata da a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Katako ta Yamai aka yi maganar, haka za ta wuce.

Mu ba likitoci ba ne, kalmomi ne sana'armu. To amma kalma tana da tarihi, kuma tarihin kalmar citta yana nuna cewa ra'ayin ɗalibin namu, wanda yake ɗauka gādon kakanni ne, ɗan bana ne. Duk waɗanda suka yi aiki da citta a matsayin magani kafin zamaninmu, likitocin Girka da na Larabawa, malamai, ungozomomi, har da masu bincike na ƙarni na 20, sun haɗa ta da awo, sun kuma faɗi wanda bai kamata ya sha ba. Abin da muke so mu bi sawunsa shi ne yadda awon ya faɗi a hanya.

1. Suna ɗaya, tsiro biyu

Wanda ya buɗe littafin Dalziel na sunayen tsirrai cikin Hausa, na 1916, ko ƙamus ɗin Bargery na 1934, zai ga abin da zai ba shi mamaki. Kalmar citta, idan ta zo ita kaɗai, ba saiwar nan mai yatsu take nufi da farko ba. Tana nufin ƴan ƙwayoyin nan jajaye masu yaji da ke cikin kwanso, waɗanda a yau muke cewa citta mai ƙwaya, masana tsirrai kuma suke kira Aframomum melegueta. Wannan tsiro ɗan asalin kurmin Afirka ta Yamma ne, kuma tun ƙarni na 13 ƙwayoyinsa ke ƙetare Sahara suna isa kasuwannin Turai. Ita kuwa saiwar, Zingiber officinale, sai an yi mata ƙarin bayani kafin a gane ta: citta mai yatsu, ko cittar aho.

A nahawu, sunan da ke tsaye shi kaɗai shi ne ɗan gida, wanda ake yi wa ƙari kuwa baƙo ne da ya sauka a zauren wani. Sunan cittar aho ma yana nuna hanyar da baƙon ya biyo. Ana danganta shi da Afo, wata al'umma da ke zaune a ƙasar Nasarawa, arewa da kogin Binuwai; sauyin f zuwa h kuwa ba ya bukatar bayani ga mai karatu na Maraɗi ko na Tawa, wanda ke cewa hura da tahiya. Ke nan daga kudu saiwar ta shigo mana.

A gwada da kanumfari. Wannan kalma daga Larabci take, qaranful, ta zo tare da kayanta cikin ayarin raƙuma. Citta mai yatsu ita ma tana da sunan Larabci, zanjabil, sananne ne kuma ga duk wanda ya yi karatun allo, tun da ya zo cikin Alƙur'ani, a aya ta 17 ta Suratul Insan. Amma duk da haka sunan bai sauka kasuwa ba, ya tsaya a bakin malamai. Ba macen da ke aiken yaro ya sayo mata zanjabil na dala biyar. Wato sunan ya zo ta arewa cikin littafi, kayan kuwa sun zo ta kudu cikin kwando, sai daga baya suka gane juna.

Shi kansa sunan zanjabil doguwar tafiya ya yi. Asalin tsiron kudu maso gabashin Asiya ne, inda aka daɗe ana dasa shi har ya kusa daina yin iri, sai dai a gutsuri saiwa a binne. Daga harsunan kudancin Indiya sunan ya shiga Sanskirit, ya shiga Girkanci da Latin da Larabci, daga Latin kuma Faransanci ya samo gingembre. A gaɓar tekun Afirka ta Yamma, zuwan jiragen Fotugal a ƙarni na 15 da na 16 ne ya buɗe wa tsirran Asiya sabuwar ƙofa, a ƙarni na 19 kuma Saliyo tana fitar da citta zuwa Ingila.

Amfanin wannan bayani ga batunmu shi ne: idan mutum ya ce "kakanninmu sun sha citta ba ta yi masu kome ba", sai a tambaye shi wace cittar. Mai yiwuwa ƙwarai wadda kakan kakansa ya sani ita ce mai ƙwaya, wadda ake ƙirga ta da ɗaiɗai, ana tauna uku ko huɗu tare da goro. Ba shaida ba ce ga mai shan lita guda ta ruwan saiwa.

2. Zafi mai daraja

Likitan farko da ya bar mana bayani a kan citta a yankin Bahar Rum shi ne Diyoskorides, a ƙarni na 1 bayan haihuwar Annabi Isa. Ya ce tana ɗumama jiki tana taimakon narkewar abinci. Ya kuma zaci a ƙasar Larabawa take tsirowa, saboda ta hannun fatakensu take zuwa. A ƙarni na 2 Jalinusu ya tsara abin da ya zama ginshiƙin likitanci har fiye da shekara dubu: kowane magani yana da ɗabi'a, ko zafi ko sanyi, ko danshi ko bushewa, kowace ɗabi'a kuma tana da daraja huɗu. A daraja ta farko jiki da ƙyar yake jin aikin magani. A ta biyu yana ji sosai. A ta uku aikin ya yi ƙarfi har yana iya cutarwa. Ta huɗu kuwa ta masu ƙonewa ce da masu kisa.

Likitocin Musulunci sun gāji wannan tsari sun faɗaɗa shi. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, da Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, duka sun sa zanjabil cikin masu zafi. Sun saɓa a kan darajar, tsakanin ta biyu da ta uku, kuma saɓanin kansa abin lura ne: mutane ba sa gardama a kan matakin abin da suke ganin ba shi da haɗari. Cikin wannan tunani, faɗar cewa abu kaza "yana da amfani" ba tare da an ce ga wa ba, magana ce marar kai. Citta ta dace da tsoho mai sanyin ciki da yawan majina, lokacin ɗari. Ba ta dace da saurayi mai zafin jini a tsakiyar bazara ba.

Littattafan haɗa magunguna na Larabci sun ma fi haka tsanani. A irin Tazkira ta Dawud al-Antaki, wanda ya rasu a 1599, bayanin magani ba ya cika sai an kawo abubuwa huɗu a ƙarshensa: cutarwarsa, abin da ke gyara cutarwar, awon da ake sha, da abin da zai maye gurbinsa in babu shi. Awon kuwa da dirhami ake faɗarsa, dirhami kuma giram 3 ne da ɗan kai. A wannan makaranta babu gurbin "maganin da ba ya cutarwa", domin layin cutarwa yana nan a buɗe ga kowane tsiro, sai an cike shi.

Wannan ilimi bai tsaya Alƙahira da Fas ba. Littafin al-Rahma fi al-tibb wa al-hikma, wanda ake jingina wa Suyuɗi, yana cikin gafakar malamai da yawa na ƙasar Hausa, kuma da bayanin ɗabi'o'in nan huɗu yake farawa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta ƙananan littattafai na likitanci, har da ɗaya a kan basir. Ismail Abdalla ya bi diddigin wannan gādo cikin littafinsa na 1997.

A nan akwai tarko ga mai bincike, kuma mun ga ɗalibai sun faɗa cikinsa: a ɗauka cewa zafi da sanyi na Bahaushe fassarar Jalinusu ce kawai. Ba haka ba ne. A bakin mutanen Adar ko na Katsinar Maraɗi, sanyi cuta ce da ke shiga jiki ta kwanta a gaɓoɓi da mara, zahi kuma wata cuta ce mai zaman kanta a ciki, wadda ke fitowa da fuskoki da yawa, daga ƙunar ciki har zuwa basir. Littafin da Jaffré da Olivier de Sardan suka shirya a 1999 ya tattauna ta tare da takwararta weyno ta Zabarmawa. Tsarin biyu ba ɗaya ba ne, amma sun haɗu a wuri guda da ya shafe mu: tun da zahi cuta ce, to abin da ke korar sanyi yana iya tayar da zahi. Tsohuwar da ke hana mai basir cin yaji ba ta karanta Ibn Sina ba, amma hukuncinsu ɗaya.

Kalmar magani ita ma ta isa shaida. Muna cewa maganin mura, muna cewa maganin ɓera da maganin ƙwari, in an ce "an sa masa magani a abinci" kuwa kowa ya san ba warkar da shi aka yi niyya ba. Harshen bai taɓa raba waraka da haɗari ba. Ɗalibinmu, da ya rubuta "maganin da ba ya cutarwa", sai da ya ƙara wa kalmar jela domin ta faɗi abin da ba ta saba faɗa ba.

3. Daga ƙullin ɗan koli zuwa buhu

A madafar Bahaushiya citta ba ta tafiya ita kaɗai. Tana cikin ayari ne, tare da kanumfari da masoro da kimba da barkono, abin da muke tarawa mu ce kayan yaji. Ana daka yatsa ɗaya ko biyu cikin gero tiya guda na hura, a raba wa gida duka. Haka take a kunu, a kilishi, a yajin tsire. Kuma busasshiya ce, daga faifan ɗan koli, cikin ɗan ƙulli. Tsada da nisan hanya su ne ma'aunin farko, tun kafin a zo ga na likita.

Wuri ɗaya ne al'ada ta yarda a sake wa yaji linzami, wato jego. Mai jego tana wankan ruwan zafi, tana shan kunun kanwa, tana cin yaji mai yawa, domin a fitar mata da sanyin haihuwa. To amma ko a nan akwai iyaka, kwana arba'in, akwai kuma tsohuwa mai lura. Bai kamata mu yi wa wannan al'ada ado fiye da kima ba: a shekarun 1970 Davidson da Parry sun nuna a Zariya cewa yawan kanwa da kwanciya bisa gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu cikin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Laifin na kanwa ne da zafi, ba na citta ba. Mun kawo shi ne domin a ga cewa inda al'adar kanta ta saki awo, nan ne aka samu ɓarna.

Abin da ya sauya lamarin shi ne noma. Citta na son ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, Maraɗi kuwa wajen rabin haka take samu. Saboda haka mu masu saye ne. A wajajen 1927 hukumar mulkin mallaka ta Ingila ta ƙarfafa noman citta a kudancin lardin Zariya, tana neman abin da manoman yankin za su sayar su biya haraji, a daidai lokacin da Kafancan ta zama mahaɗar layin dogo. Ƙasar Jaba da Kaciya da kewayensu suka zama gidan citta, har Najeriya ta shiga sahun manyan masu nomanta a duniya. Irin biyu da aka fi nomawa can sunayen Hausa gare su, tafin giwa da yatsun biri, sunayen da ko a takardun masana aikin gona haka ake rubuta su. An yi noman ne domin Turai, amma abin da ya taru a Kano ba ya rasa hanyar Jibiya zuwa Maraɗi, ko ta Daura zuwa Damagaram, ko ta Illela zuwa Ƙonni da Tawa.

Da kwalta da manyan motoci suka gajarta tafiyar, sai wani sabon abu ya bayyana a kasuwanninmu: ɗanyar citta, jibge a ƙasa, ana sayarwa da kashi ko da kilo. Ɗanya kuwa markaɗa ta ake yi a tace a sha. Abin shan da Julawa ke kira ɲamakuji, wato ruwan citta, mutanen Yamai kuma ke cewa lemu hari, ya samu firji da leda da gorar roba, ya zama sana'ar mata a kowace unguwa, musamman a watan azumi. A ƙasa da ƙarni guda citta ta tashi daga abin da ake barbaɗawa ta koma abin da ake kurɓa.

4. Awon ɗakin bincike

Masana sinadarai sun fara kwance sirrin yajin citta a 1879, lokacin da Thresh ya ware abin da ya sa wa suna jinjarol. Daga baya Nomura, ɗan Japan, ya bayyana shogawol, sunan da ya ciro daga shoga, wato citta a harshensu. Idan aka shanya citta ko aka dafa ta, wani kashi na jinjarol yana juyewa ya zama shogawol, wanda ya fi shi yaji. Bugu da ƙari, kusan kashi huɗu cikin biyar na ɗanyar citta ruwa ne. Ke nan cokali ɗaya na gari da cokali ɗaya na ɗanya ba awo ɗaya ba ne, kuma duk shawarar da ba ta faɗi wacce take nufi ba, rabin shawara ce.

Amfanin citta da aka fi tabbatarwa shi ne kwantar da tashin zuciya. Gwajin Mowrey da Clayson na 1982 a kan jirin tafiya shi ya buɗe ƙofar, wasu gwaje-gwajen a kan laulayin masu ciki suka biyo baya, akasarinsu da giram 1 na gari a yini, na ƴan kwanaki. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta ɗora wa tantance magungunan tsirrai ya tsayar da giram 2 zuwa 4 a yini a 1988, ya kuma ce mai tsakuwa a matsarmama kada ya sha sai da shawarar likita, domin citta tana motsa ruwan ɗaci. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin kundinta na 1999, ta maimaita wannan gargaɗi, ta ƙara da na masu shan magungunan tsinka jini, ta kuma ce ba a ba yaron da bai kai shekara 6 ba a matsayin magani. Giram 4 na gari bai wuce ƙaramin cokalin shayi biyu ba. Wanda ya tuna da dirhamin al-Antaki zai ga cewa sikelin biyu ba su yi nisa da juna ba.

Mu gwada lissafi. A ce mai sana'a ta markaɗa ɗanyar citta giram 200 cikin ruwa lita 2. Gorar rabin lita ta ɗauki rabon giram 50 na ɗanya, kwatankwacin giram 10 na busasshiya. Ko da an cire abin da ya tsaya a rariya, mai shan gora biyu a yini ya bar awon likita a baya da nisa, ba ma a yi maganar sukarin da ke ciki ba.

Me ke faruwa idan an wuce? Abin da aka fi gani ba mai ban tsoro ba ne: ƙwannafi, ƙunar baki da maƙogwaro, kumburin ciki, zawo. Ga mai gyambon ciki, ko mai buɗa baki da ita bayan yinin azumi, wannan kaɗai ya isa wahala. Batun jini shi ne mai nauyi, kuma ya kamata a faɗe shi yadda yake. A Indiya, a 1997, Bordia da abokan aikinsa sun ba masu ciwon jijiyoyin zuciya giram 4 kullum har wata 3, ba su ga wani canji ga ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare ba. Amma giram 10 a tashi ɗaya ya rage haɗuwar ƙwayoyin. A 2004 likitoci a Jamus sun ba da labarin wata mace mai shekara 76 da ta daɗe tana shan maganin tsinka jini lafiya lau, sai ta fara cin busasshiyar citta da shan shayinta. Bayan ƴan makonni aka kawo ta da haɓo, awon jininta ya nuna ya tsinke fiye da kima, ya kuma daidaita bayan ta bari an yi mata magani. A gefe guda, wani gwaji na 2005 a kan mutane masu ƙoshin lafiya bai ga citta ta sauya aikin warfarin ba. Abin da za a ɗauka daga waɗannan duka shi ne cewa haɗarin yana bin yawan abin da aka sha da kuma halin mai sha. Mai shan asfirin kullum ko Sintrom, da wanda za a yi wa aiki, su ne ya wajaba su gaya wa likita.

Game da masu ciki, wani bincike da aka buga a 2013 ya bi mata fiye da 68,000 a ƙasar Norwe, 1,020 daga cikinsu sun yi amfani da citta. Ba a ga ƙarin naƙasa ga jarirai ba, an dai ga ɗan ƙarin ɗigon jini bayan mako na 17. Wannan labari ne mai kwantar da hankali ga mai laulayin da ke shan ɗan kaɗan, ba lasisi ba ne ga mai gora.

5. Kwalba, talauci da waya

Akwai wani haɗari da ba daga saiwar yake fitowa ba, daga sunanta yake fitowa, kuma misalinsa mafi muni a Amurka ya faru. Tun ƙarni na 19 ana sayar da wani ruwan citta a can, mai suna cittar Jamaika, na maganin ciki da mura, wanda kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari nasa barasa ne. Da aka hana sayar da giya a 1920, talakawa suka mai da shi abin sha. Hukuma ta tilasta a ƙara yawan citta a ciki domin ya gagari maƙogwaro. Sai wasu masu haɗawa suka rage cittar, suka zuba wani sinadarin masana'anta da ke ruɗin awon hukuma. A farkon 1930 dubban mutane, har dubu gomomi, suka wayi gari ƙafafu da hannuwa sun shanye, da yawansu har ƙarshen rai. Citta ba ta shanye ƙafar kowa ba. Amanar da mutane suka ba sunanta ce aka yi fatauci da ita. Muna tuna wannan duk lokacin da muka ga kwalaben "ƙarfin maza" masu hoton citta a tashar mota, tun da a ƙasashe da dama ɗakunan bincike sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe da ake cewa tsirrai ne zalla. Haka nan busasshiyar citta da ba ta bushe da kyau ba tana yin hunhuna mai ɗauke da aflatoksin, dafin da duk wanda ya san tarihin gyaɗar Maraɗi ya san sunansa.

A Nijar, muna ganin matakai uku ne suka kai mu inda muke. Na farko na manufa ne: taron Alma-Ata na 1978 ya shigar da masu maganin gargajiya cikin tsarin kiwon lafiya, a 1980 kuma aka buga kundin tsirran magani na Nijar ƙarƙashin jagorancin Adjanohoun, bayan aikin Adam da Echard da Lescot na 1972 a kan tsirran Adar. Niyyar mai kyau ce, ta mayar wa ilimin gida martabarsa. Amma irin waɗannan kundaye sun fi ƙarfi wajen "tsiro kaza, cuta kaza". Awo, wanda boka ke riƙewa a hannunsa ya daidaita shi da mai ciwon da ke gabansa, ba ya shiga jadawali da sauƙi.

Na biyu na aljihu ne. Shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci. An gwada shi a Say da Boboye a 1993, ya zama doka a 1995. Tsakanin nan, a watan Janairu na 1994, aka karya darajar sefa: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, kuma kusan duk maganin farmasi daga waje yake zuwa. Iyalin da takardar likita ta gagara ba su da zaɓi sai tiren mai tallar ƙwayoyi ko faifan ɗan koli. A wannan yanayi ne kalmar naturel, wadda ta yi tashe a Turai cikin masu ƙoshi da suka gaji da ƙwayoyi, ta sauka a bakin mutanen da ƙwayoyin suka fi ƙarfin aljihunsu. Ta ba su abin da za su rufe talauci da shi: ba rashin kuɗi ya hana ni zuwa farmasi ba, na fi son na Allah. Ba mu ga laifin mai faɗar haka ba. Sai dai kalmar ta zo da wani rabo da Hausa ba ta da shi, na "mai sinadari" da "marar sinadari", kamar dai jinjarol ba sinadari ba ne.

Na uku na waya ne. Bayan da aka samu mutum na farko mai cutar korona a Nijar, ranar 19 ga Maris na 2020, saƙonnin murya suka cika WhatsApp: citta, tafarnuwa, lemun tsami, kanumfari, a tafasa a sha safe da rana da dare. Mun saurari da yawa daga cikinsu da kunnen mai nazarin harshe. Jerin cututtukan yana da tsawo, daga korona har hawan jini da ciwon sukari. Kalmomin awo kuwa, in akwai su, su ne "da yawa", "isasshiya", "kullum". Daga cikin layuka huɗu na al-Antaki ba wanda ya tsira. Wani lokaci ma ana kawo ayar Suratul Insan a matsayin hujja, alhali ayar abin shan Aljanna take siffantawa, malaman da suka fi mu saninta kuwa ba su ga ta hana su rubuta daraja da dirhami ba. Mafi haɗarin abin da irin wannan saƙo ke jawowa shi ne mai hawan jini ko mai ciwon sukari ya ajiye ƙwayoyinsa. Wani dattijo cikin danginmu ya yi haka na tsawon watanni, da ruwan citta mai sukari a madadinsu, sai da jiri ya kayar da shi a ƙofar masallaci aka gane.

A daminar 2023 wata cutar hunhuna ta faɗa wa gonakin citta na kudancin jihar Kaduna, ta ruɓar da mafi yawan amfanin shekarar. Abin ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, rufewar da ta kai har farkon 2024. Kuɗin citta ya ninka sau da yawa, kashin ɗanya ya ƙanƙance a kasuwa, ɗan ƙulli ya sake fitowa bisa faifai. A unguwarmu masu lemu hari ba su daina sana'a ba a lokacin. Sun rage citta, suka ƙara barkono domin yajin ya tsaya yadda masu saye suka saba, masu sayen kuma suka ci gaba da sha suna cewa maganin sanyi ne.